Gumbar da Baki Bai Taɓa Ba

Mai karatu, in dariya ka zo nema a takardun nan, ka ajiye su tun yanzu. Dariya ce ta sa mutanen garinmu suka zauna suna shawarar ko za su sallaci surukata ranar da ta mutu. Ni Hajjo, matar marigayi Abdulaziz na gidan Manzo a Tama, ni na tattara wasiƙun nan da muka yi da ɗana Abdurrazak mai karatu a Yamai. Ban gyara kome ba, har wuraren da ni ce mai laifi. Ba na aika murya ta waya, don murya fukafukai gare ta. Takarda nake rubutawa in ba Ɗan'azumi direba. Ka lura da kwanakin da ke tsakanin wasiƙun, ta nan ɓarnar ta shiga.

Tama, 26 ga Mayu

Abdurrazak,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya lau, sai zafi, an gama sharar gona ana jiran sama. Kakarka Biba tana nan da ciwon ƙafarta, idon hagu ya ƙara rufewa, amma tana cin tuwonta. Salla ba ta wuce ta, har takan yi azahar sau biyu don ta manta ta yi. Ta ce a gaya wa mijin nan nata marowaci, in bai kawo zane bana ba, ta yi wani.

Yanzu abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Maƙwabciyarmu Zali ce ta fara gaya mini wai an ga sunanka a tele, a ƙarshen wani wasa na ranar Asabar da ake ce wa 'Yan Kogo a Birni. Ban yarda ba. Shekaranjiya da yamma na yafa mayafi na tafi shagon Alƙasim, inda yake fito da tele waje, na tsaya can baya cikin mata. Na gani da idona. Mutum biyar, wai sun yi barci cikin kogo tun zamanin da ba ƙarfe, masu aikin hanya suka tashe su, yanzu suna haya a Yamai. Ƙatti da gemunsu, ƙirji a waje, daga su sai fata. Wani ya soke fanka da mashi don ya ɗauka tsuntsu ne. Wata ta hura wuta cikin firigo. Mutane suka yi ta dariya har wani ya faɗo daga benci.

Sai dai dariyar ba ta daɗe ba. Mutanen birni a cikin wasan Faransanci suke yi da Hausar gari. Su kuwa na kogon, da suka buɗe baki, sai Hausar Adar tsantsa, irin ta kakarka. Sannan a gefen bakinsu an ja musu zane uku-uku da gawayi. Ka san fuskar da ke da wannan aska, ta mutanenmu ce. Tsoho Ɗanmaraya yana zaune a gaba, ya juyo ya dubi jama'a ya ce, "To, ashe mu na."

Ban sayar da raguna na tura ka karatu don ka koya wa mutane yi wa iyayensu gwalo ba. Na yi kolej a Buza, ba jahila ce ke yi maka magana ba. Mutanen zamanin da sun ɓata, Allah bai nufe su da shiriya ba, amma ba mahaukata ba ne. Suna da tsarinsu, sun san lokacin shuka, sun san girman na gaba da su. Abin da kuka nuna ƙarya ne. Wanda zai ba da labarin mutane, ya faɗi gaskiyarsu ko ya yi shiru.

Ka riƙe salla. Ka rage shayi.

Mahaifiyarka, Hajjo

Yamai, 3 ga Yuni

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan ƙafar Kaka ta yi sauƙi. Ki ce mata zanenta yana nan, amma sai ta daina kula samarin unguwa. Ni lafiya lau, an gama jarrabawa.

Inna, ba ni ne mai wasan ba. Maganganun da suke faɗa nake rubutawa. Babban ɗan wasan ɗan Ibohamane ne, in ya yi Hausarsa ta gida kowa a wurin ɗauka sai ya yi dariya, shi ya sa sauran suka bi shi. Zanen fuskar kuwa ni na nuna wa mai kwalliya, ban yi tunanin kome ba.

Nan Yamai ma ba a bar mu mun huta ba. Ɗalibai sun ce muna wulaƙanta mutanen karkara. Wani ya kira rediyo ya ce wasan bai da daɗi ko kaɗan, gara a mayar da labarin ƙwallo. Wani malaminmu ya tare ni a ƙofar aji ya ce mutanen wancan zamani ba su san gero ba, balle tuwo. Yara ne kawai suke son mu. Mai shirya wasan har ya rame.

Amma maganarki ta ƙarshe ta shige ni. Na karanta wa abokan aiki, kowa ya ce Innarka ta fi mu gaskiya, abin da wasan ya rasa ke nan, ba abin gaske a ciki. Don haka a kashi na huɗu na ba su abin gaske. Kin tuna labarin da kike ba mu bisa tabarma muna yara, na dutsen tudun gabas, da gumbar da ake kai masa in ruwa ya yi jinkiri, da kalmomin da ake faɗa? Ban manta ko ɗaya ba. Ban sa sunan gari ba, ban sa sunan gida ba, ba mai ganewa. Ranar Asabar za a nuna. Ina jin wannan karon ba za ki ce ƙarya muka yi ba.

Ɗanki, Abdurrazak

Tama, 13 ga Yuni

Abdurrazak,

Muna lafiya a jiki. Kakarka tana ci tana sha. Iyakar gaisuwar da zan iya ke nan.

Motar Ɗan'azumi ta lalace a Ƙonni, wasiƙarka sai jiya ta iso, kwana biyar bayan an nuna abin. Da ta zo da wuri, da na karya dokata na kira ka a waya na hana. Na ce ka faɗi gaskiya ko ka yi shiru. Shirun nake nufi, Abdurrazak. Ka ɗauki rabin maganar da ya yi maka daɗi ka bar rabin.

Ina tsaye a shagon Alƙasim aka nuna shi. Na ga an yanke wa 'yan kogon naku ruwan famfo, suka ɗauki ƙwarya suka tafi gindin shato, babban tankin ruwan nan na unguwa, suka durƙusa. Babbansu ya ɗaga ƙwaryar ya ce, "Uban tudu, ga fari baki bai taɓa ba, ka ba mu baƙi daga gabas." Ya zuba. Shato ya yi ambaliya bisa kan mai gadi. Samari suka kwashe da dariya suna tafi. Tsofaffi ba wanda ya motsa. Sai Ɗanmaraya ya miƙe da sandarsa, ya ce waɗannan kalmomi a duk ƙasar nan gida ɗaya ke da su. Bai faɗi gidan ba. Juyowa kawai ya yi, mutane suka bi idonsa, suka same ni.

Ka ce ba mai ganewa. Kai ne ba ka gane ba. Ga abin da ban gaya muku ba kuna yara. Mahaifin kakanka Manzo shi ne mai riƙe da dutsen. Shi ke faɗin kalmomin, amma amaryar gidan ce ke daka gumbar ta ɗauka a ka har tudu. Sau ɗaya ake yi a shekara, kuma ba a ɗanɗanawa. In bakin mutum ya taɓa, ta zama abincin mutane, dutse ba ya karɓa, sai baɗi. Amaryar ƙarshe da ta ɗauki wannan ƙwarya ita ce kakarka. Shekara uku tana ɗauka, kafin Manzo ya watsar da abin ya tafi karatun allo Sabon Gida ya dawo da ita kan hanya. Sama da shekara sittin ke nan. Masu shekarunta sun sani, sun rufe mata don ta rufe.

Kafin gari ya waye guntun wasan ya shiga kowace waya. Yara suna rera shi a hanyar rijiya. Sau biyu ina buɗe ƙofa da safe in tarar an zuba gumba a bakin zaure, fara fat, ƙudaje na bi. Ban san mai zubawa ba, kuma ban san ko tsiya ce ko da gaske yake ba. Na biyun ya fi ba ni tsoro.

Ga wanda ya fi duka. Ranar Talata kakarka tana zaune gindin bedi da carbinta, yara suka wuce ta bayan katanga suna rerawa. Na ga yatsunta sun tsaya. Ta karkata kunne, sannan ta ce a hankali ba haka ake jan shi ba, ta faɗe shi da wata murya da ban taɓa ji a bakinta ba, ta ƙara da wasu kalmomin da ni ma ban sani ba. Na ce, Inna, ki yi istigfari. Ta yi. Ta dube ni ta tambaye ni ko an jiƙa geron. Da la'asar na sami gero jiƙe cikin kwano ƙarƙashin gadonta. Na ba awaki.

Ku tsayar da wannan abu.

Hajjo

Tama, 27 ga Yuni

Abdurrazak,

Da fatan kana lafiya, tunda shirunka bai gaya mini ba. Kakarka ta rage ci, ƙafar ta kumbura. Mako biyu ba amsa. Ko ka ga ƙauyanci ne ba ka da lokacinsa?

Har yau ba ruwa. Hadari yakan taso daga gabas, ya yi baƙi, mutane su fito da iri, sai iska ta watsa shi. Wanda ya yi binne, ya sa iri a busasshiyar ƙasa tun farkon wata, tsuntsu da ɓera sun cinye. An fita roƙon ruwa sau biyu. In sama ta hana, sai mutane su fara neman mai laifi a ƙasa, kuma wasanku ya nuna musu ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Gari ya rabu biyu, kuma duka biyun gidanmu suke kallo. Wasu tsofaffi suna cewa an wulaƙanta dutse, an sa kalmominsa a bakin 'yan wasa, shi ya riƙe ruwan. Ranar Lahadi Ɗanmaraya ya zo da wasu biyu da goro a hannu, suka zauna a zaure suna kewaye-kewaye. Daga ƙarshe ya ce ba kome suke so ba, tsohuwa ta hau tudu sau ɗaya tak, tunda ita kaɗai ta rage da ta san cikakken abin, in an yi ruwa kowa ya tuba. Mutumin da ke sahun gaba a masallaci. Na mayar musu da goronsu, na ce in suka sake zuwa liman zai ji. Amma kakarka ta ji muryarsu daga ɗaki.

Samari kuwa suna bayan Malam Ridwan, wanda ya dawo daga karatu bara yake wa'azi da lasifika. Shi cewa ya yi akwai gidan da bai taɓa barin shirka ba, ɓoyewa aka yi, Allah ya tona ta tele, shi ya sa aka hana mu ruwa. Bai kama suna ba. Ya ce duk wanda aka gani yana wannan aiki ya mutu a kai, ba a yi masa wanka, ba a yi masa salla, ba a sa shi cikin maƙabartar musulmi. Zali ta zo ta bayan gida ta gaya mini matan da ke wankan gawa sun yi magana a tsakaninsu, sun ce su dai za su jira su gani.

Ka san akwatin ƙarfen da ke ɗakin kakarka. Likkafaninta ne a ciki, wanda babanka ya jiƙa da zamzam ya kawo mata. Shekara ashirin tana fito da shi ta shanya ta mayar. Ta nuna mini wurin da take so, kusa da Manzo. Matar da ta yi shekara sittin tana salla, yanzu hankalinta ya tsufa, ba ta san wace shekara muke ba, wani lokaci takan ɗauka ni uwar mijinta ce. In ta fita da ƙwarya sau ɗaya aka gani, shi ke nan. Na ɓoye turmi ƙarami, na kulle rumbu, na sa sakata sama inda hannunta ba ya kai. Jiya na sake samun gero jiƙe, cikin butar alwalarta. Ban san inda take samu ba.

Kada ka zo garin nan.

Hajjo

Yamai, 2 ga Yuli

Inna,

Ina gaishe ki, ina roƙon gafara. Allah ya ba Kaka lafiya. Ba raini ba ne. Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka zo hannuna, ta farko ta kwana goma sha bakwai a shagon da Ɗan'azumi ke ajiye saƙo, mai shagon ya manta. Na karanta su a tsaye. Tun daga lokacin ban iya cin abinci ba.

An riga an tsayar da wasan tun kashi na shida. Ba don ke ba, ba don Tama ba. Mutanen Yamai ne ba su kallo, masu talla suka janye, ƙungiyar 'yan Adar mazauna nan kuma ta kai kuka. An kwashe fatun an zuba a buhu. Nan har an manta da mu. Na je na roƙi mai shirya wasan a cire kashi na huɗu daga ko'ina, ya cire nasu, amma ya ce wanda ya shiga wayoyin mutane ba mai iya kamo shi.

Inna, ba gardama nake yi ba, amma zan faɗi abu ɗaya. Lokacin da kike ba mu labarin nan, kina kwaikwayon muryar, ki ce ku ga jahilci, mu yi ta dariya ke ma kina murmushi. Na tashi ina ganin abu ne matacce, wanda ba ya cizo. Ban taɓa sanin Kaka ce mai ƙwaryar ba.

Kin ce kada in zo. Na karanta layin nan ya fi sau ashirin. In kin cire ni daga cikin 'ya'yanki ne, na cancanta, ba zan ce kome ba. Amma ki bar ni in yi abu ɗaya. In zo da mota ba tare da kowa ya sani ba, a kai Kaka Madawa wurin Gwaggo Farida har a yi ruwa. Ko kuma in tsaya gaban masallaci in ce ni ne, ƙirƙira na yi, a yi mini abin da za a yi.

Ɗanki, in kin yarda, Abdurrazak

Tama, 11 ga Yuli

Abdurrazak ɗana,

Lafiya muke, alhamdulillahi, da fatan kai ma haka. Ka ci abinci. Uwa ba ta cire ɗa da layi ɗaya. Na ce kada ka zo don samari sun ce in suka gan ka sai sun sa maka fata sun zagaya gari da kai. Maganar Madawa kuwa ba ta yiwuwa. In ta bar gari yanzu, an tabbatar ke nan, kuma in ta mutu can, wa zai kawo ta kusa da Manzo? Abin da ka faɗa a kaina gaskiya ne. Kakarka ce ta gaya mini kalmomin ina amarya, muna tsinkar zogale, don in san abin da gidan ya bari. Amana ta ba ni. Ni na mai da ita abin koya wa yara darasi. Kai ka sayar da ita don dariya, ni na fara sayar da ita don wa'azi.

Yanzu ka ji abin da ya faru jiya Alhamis. Ka san tun rasuwar babanka ba na shan azumin Litinin da Alhamis, shekara goma sha ɗaya, duk Tama an sani. Da hantsi na leƙa gidan Zali, jikarta ba lafiya, ban yi rabin awa ba. Na dawo na ga sakata a buɗe. Wani ya buɗe mata daga waje, ban san ko wane ne ba, na bar shi da Allah. Ɗakinta ba kowa. A bayan gado na ga dutsen niƙan da muka daina aiki da shi, da danshi a kansa.

Na fita ba takalmi. Ban tambayi kowa ba, hanya ce ta gaya mini, don kowa gabas yake tafiya. Matar da ba ta iya zuwa bayan gida sai an riƙe ta, na hango ta a tsakiyar hawan tudu, ƙwarya a ka, ba ta ko dafa ba, bayanta a miƙe kamar na yarinya. A bayanta mutane sun fi ɗari. Samari sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Malam Ridwan yana gefe ya harɗe hannu. Ɗanmaraya da mutanensa suna can ɗaya gefen, kansu a ƙasa. Kowa jira yake ta zuba.

Na ratsa su. Duwatsu sun yanke mini ƙafa, sai daga baya na gani. Na cim mata saura taki kaɗan ta kai. Na yi tunanin in fizge ƙwaryar, sai na ga in na fizge na shaida wa duniya abin da ke cikinta, kuma gobe ta sake niƙa wata. Na yi tunanin in ɗauke ta cak, na san za ta yi kuka ta faɗi kalmomin da ƙarfi. Bakinta ya riga ya fara motsi.

Sai na sha gabanta na durƙusa. Na ce, "Inna, ƙishirwa nika ji."

Ta tsaya ta dube ni da idon nan nata guda. Ban san wadda take gani ba. Ta ce wannan ba ta sha ba ce. Na ce tun asuba ban sa kome a bakina ba, ga rana, ga hawa, in ba ta ba ni ba zan faɗi. Ba ƙarya na yi ba. Ka san kakarka, ko kare ya shigo gidanta yana haki sai ta ba shi ruwa. Na ga hannunta ya tashi, ya tsaya, ya sake tashi. Ta sauke ƙwaryar ta miƙo mini. Na yi bisimilla da ƙarfi yadda na baya za su ji, na kafa kai na sha, ranar Alhamis da hantsi, gaban duk Tama.

Ta leƙa ƙwaryar ta ga wurin bakina. Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Kin ɓata ta, ɗiyata. Sai baɗi." Sannan bayan nan da ya miƙe ya koma yadda yake, ta zauna a ƙasa, ta ce ƙafarta na ciwo, wa ya kawo ta nan. Na ce iska muka fito sha. Ta karɓi ƙwaryar ta yi bisimilla ta sha ita ma, ta ce ba a sa yaji ba.

Samari suka sauke wayoyi, don ba abin ɗauka, tsohuwa ce da surukarta suna shan gumba a rana. Tsofaffi kuwa sun gane sarai abin da na yi. Ɗanmaraya ya dube ni kamar na kashe masa ɗa, ya juya ya sauka. Liman ya iso a makare yana haki, ya tsaya a kanmu, ya dubi ƙwaryar, ya dube ni, ya ce wa jama'a shi dai bisimilla biyu ya ji daga ƙasa, in akwai wanda ya ji wani abu dabam ya faɗa. Ba wanda ya tanka. Na goya ta muka sauko. Ba ta fi buhun ƙaiƙayi nauyi ba.

Zan rama azumin. Ban sani ba ko ya isa, don Malam Ridwan bai ce kome ba, kuma har yanzu ba ruwa. Amma yau ba ta tambayi gero ba.

Mahaifiyarka

Tama, 9 ga Satumba

Abdurrazak,

Da fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, gero ya fitar da kai, ko da yake na bana gajere ne, ruwan bai sauka ba sai tsakiyar Yuli. Ba wanda ya ce don wane aka yi shi, ni ma ban tambaya ba.

Ka yi haƙuri. Kakarka ta rasu jiya bayan azahar, azahar ɗin da ta yi sau biyu. Na rubuto ne don ban yarda ka fara ji a waya daga bakin wani ba, na roƙi Ɗan'azumi ya sa takardar nan a hannunka da kansa.

Na aika wa masu wanka, na zauna a ɗakin da akwatin a buɗe, ina sauraron zaure. Ban taɓa jin lokaci mai tsawo irin wannan ba. Sai na ji sallamar Zali, da wasu takalma a bayanta. Su uku suka zo, waɗanda suka saba. Liman ya yi mata salla. Ban gani ba, amma an ce sahu bakwai. Malam Ridwan yana na uku, Ɗanmaraya yana na farko kamar kullum. Tana kusa da Manzo.

Ka zo addu'ar bakwai. Ka zo da rana, ta ƙofar gari, ka gaida liman kafin ka shigo gida. Ka kawo zanen, a ba Zali.

In ka zo za ka tarar da doka, kuma ta hau kaina kafin ta hau kan kowa. Abin da tsoho ya bari ya gaya maka a cikin gidan nan, a cikin gidan nan zai mutu. Ba a fitar da shi don dariya, ba a fitar da shi don wa'azi. Sannan duk gumbar da aka daka a gidan Manzo, ko ta baƙo ce ko ta sadaka, wadda ta daka ta yi bisimilla ta kurɓa tun a bakin turmi, kafin ƙwaryar ta taka ko'ina.

Mahaifiyarka, Hajjo